Injin Raken Kakana

Gab da shekarata ta ƙarshe a jami'a, can Zariya, 'yan shekaru kaɗan bayan Turawa sun miƙa mulki, aka sanar da mu cewa babu ɗalibin tarihin da zai karɓi digiri sai ya rubuta kundin bincike. Ba a son abin da mutum ya kwaso daga littattafai. So ake ya fita da ƙafarsa ya nemo abin da ba a taɓa rubutawa ba. Abokan karatuna suka yi ta rububin yaƙe-yaƙe da sarautu. Ni kuwa na ɗauka na fi kowa sa'a, domin tun ina ƙarami nake da nawa labarin a hannu: kakana na wajen uwa shi ne ya fara kawo injin matse rake ƙasar Makarfi da kewayenta.

Injin nan ba mai shan mai ba ne. Ƙarafa ne masu juyawa, da doguwar sanda da ake ɗaura wa doki. Doki na zagayawa, ana tura rake, ruwan na zuba a kasko, a dafa shi har ya yi kauri, a zuzzuba a ƙananan kwanoni ya daskare ya zama mazarƙwaila. A gidanmu an ce kakana ya je fatauci kudu ya ga injin, ya dawo ya sayar da shanunsa, ya koma ya ɗauko shi, daga jirgin ƙasa zuwa bayan jakuna. Yayan mahaifiyata, wanda ya gaji fadamar da injin, shi ne ma'ajin wannan labari. Kawu ba ya gajiya da ba da shi, kuma ba ya ba da shi a gurguje.

Malamin da aka haɗa ni da shi ya duba aikina mutumin Sudan ne, siriri, mai sanyin murya. Na shiga ofishinsa da ƙwarin gwiwa na zayyana masa komai. Ya saurara har na ƙare, sannan ya ce, "Wa ya faɗa maka?"

Na ce, "Kawuna, Malam."

"Ya gani da idonsa?"

"A'a, lokacin ba a haife shi ba. Amma mahaifiyata ma ta faɗa, da ƙannenta, da kowa a gidanmu."

"Su kuma a bakin wa suka ji?"

"A bakin kakana."

Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa. Ya ce, "To ai rijiya ɗaya ce, ka ɗebo ruwanta a tuluna da yawa. Ka yi karatun hadisi kafin ka zo nan, ko? Ka san ba a karɓar magana sai an tambayi wanda ya ji, da wanda ya ji daga gare shi. Aikinmu ke nan. Ka je ka nemo waɗanda ba danginku ba. Kada ka sa wa kowa magana a baki. Kuma kada ka fita neman wanda zai gaskata ka, wannan a ƙofar gida za ka same shi. Wanda zai ƙaryata ka za ka nema. In ka neme shi ka rasa, sannan ka rubuta."

Na fito daga ofishin. A lokacin ba na shakkar labarin ko kaɗan. Abin da ya dame ni shi ne aikin da na zata na gama rabinsa ashe ban ko soma ba. Ni ne na farko a zuriyarmu da ya kai wannan matsayi na boko, kuma a Kurmin Kogi, garinmu, har an fara kirana da sunan muƙaman da ban samu ba. In na faɗi, ban san da wace fuska zan sauka daga mota a kasuwa ba.

Na fara da Kaduna, gidan da ake adana tsofaffin takardun gwamnati. Na yi kwanaki ina buɗe rahotannin Di'o-Di'o, Turawan da suka mulki gundumomi, takardu masu warin tsufa, waɗansu gara ta ci gefensu. Abin da na samu bai taka kara ya karya ba. An ambaci injinan rake suna ƙaruwa a gundumar, amma babu sunan kowa. Turawan sun fi damuwa da gyaɗa da auduga. Na dawo hannu rabbana.

Dogon hutu ya faɗo a tsakiyar damina. Jami'a ta ara mini rikoda, wani ƙaton akwatin ɗaukar murya mai nauyin yaron goye, tare da gargaɗin kada ruwa ya taɓa ta. Na naɗe ta a buhu, na rufe da fatar akuya, na ɗaure a bayan keke. Tun daga ranar hadari ya zama abokin gabana. Ko ina cikin gaishe da mutum, rabin hankalina na gabas.

Na sauka gidan Kawu, a wani ƙauye kusa da Makarfi. Ya yi murna ƙwarai da jin abin da ya kawo ni. Ya ja ni bayan gida inda injin ke kwance a ƙarƙashin rumfa, an lulluɓe shi da zana har kaka ta yi. Ya dafa ƙarfen ya ce, "Ɗan nan, rubuta da kyau. Mu baki kawai gare mu, baki kuwa ƙasa ke cinye shi. Kai Allah ya ba alƙalami." Ya sa aka yanka mini zakara.

Da izinin dagaci na fara zagaya dattawa. Da farko sun yi ɗari-ɗari, domin ba a daɗe da rigimar ƙidayar jama'a ba, kuma duk wanda ya zo da takarda da tambaya ana ganin haraji na biye da shi. Da suka gane ko ni jikan wane ne sai suka saki jiki, suka saki fiye da yadda nake so. Kowa na buɗe baki sai yabo: ai kakanka namijin duniya ne, ai shi ya buɗe wa ƙasar nan ido. Ina murna ina ɗauka a rikoda. Sai wata rana da hantsi, ina sauraron abin da na tara, na lura duk kalmomin Kawu ne. Har inda yake tsayawa ya ce "daga jirgi sai jaki", nan su ma suke tsayawa. Na kashe rikodar. Hutu ya kusa rabi, ni kuwa har yanzu a bakin rijiyar nan nake.

Na yanke shawarar zuwa inda ba a san ni ba. An ce mini a Taba, ƙasar Kudan, akwai wani tsoho da ya rayu cikin harkar rake tun yana yaro. Na kama hanya da sassafe, wani wuri in hau keke, wani wuri keke ya hau ni. Na iske shi a zaure yana murza igiya, idanunsa sun yi fari. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ya tambayi ruwa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Zariya. Na ce masa ni ɗalibi ne daga Kurmin Kogi, ina neman tarihin rake. Ban ambaci gidan uwata ba, shi ma bai tambaya ba.

Na ce, "Baba, yaya aka yi mazarƙwaila ta fara a ƙasar nan?"

Tsohon ba mai bin hanya ɗaya ba ne. Ya shiga labarin wata saniyarsa da ta ɓata, ya fita, ya shiga na shekarun fara, ni kuwa ina kallon zaren rikoda na ƙarewa, ina jin tsoron batir. Can sai ya ce injin farko da idonsa ya gani na wani attajiri ne daga birnin Zariya, wanda ya samo shi ta hannun Turawan mishan, ya kafa shi a fadamar nan ta bayan gari. Mahaifinsa ma ya yi wa attajirin aikin dahuwa.

"Mutane daga ko'ina suke zuwa kallo," in ji shi. "Akwai wani dogon yaro da ke kora masa doki, baransa ne, daga wajen Makarfi ya zo. Shi ne injin ya cinye wa yatsu biyu na hannun hagu. Ina tsaye abin ya faru. Daga baya na ji an ce ya zama babban mai rake a can wajensu."

Kakana ya rasu ina ƙarami, amma hannun nan nasa na hagu na san shi, da shi yake riƙe ni in ya ɗora ni a cinya. A gida an ce a hanyar kudu ya rasa yatsun, wajen sauke injin daga jirgi.

Na daure na ce, "Baba, ka tuna sunansa?"

Ya faɗi sunan. Da laƙabin ma.

Ya ci gaba da zancensa har azahar, ni dai ina ta "na'am, Baba". Da na yi sallama ya sa mini albarka, ya ce in gaishe da malamaina.

A hanyar dawowa na tarar da rafi ya kawo. Na tuɓe riga, na bar keke a gaɓa, na ɗora rikoda a ka na shiga. Ruwa ya kai mini ƙirji, yana ja. A tsakiyar rafin nan wani tunani ya zo mini: in ƙafata ta zame, akwatin nan ya tafi, shi ke nan, babu wanda ya ji abin da na ji. Na ƙara ƙanƙame ta har wuyana ya yi ciwo. Na haye, na ajiye ta a kan ciyawa, na koma na ɗauko keke.

Da na isa gida Kawu ya tarye ni da fara'a. "Yaya mutanen Taba? Sun san shi, ko?"

Na ce, "Sun san shi, Kawu."

Kwanakin da suka biyo baya abinci ya daina yi mini daɗi. Na riƙa lallashin kaina cewa tsohon nan shi ma mutum ɗaya ne, ga tsufa, ga shi yana da dalilin ɗaukaka garinsu. Wannan kuwa gaskiya ne, kuma abin da Malam zai faɗa ke nan. Dole in nemo wani bakin da bai haɗa komai da shi ba. Sai dai yanzu ban san abin da nake roƙon Allah in ji ba.

Da na leƙa Kurmin Kogi, mahaifiyata ce, ba tare da ta san abin da ke cina ba, ta ambaci wata tsohuwa a Janfalan, wadda aka auro daga ƙasar Kudan, ta yi tallar mazarƙwaila tun tana budurwa. Na je. Jikanta ya yi mini iso, na zauna daga bakin ƙofar ɗakinta. Ta ƙi yarda a kunna rikoda, ta ce ba za a kulle muryarta a akwati a kai wa Nasara ba. Sai na ajiye, na saurara da kunne.

Na ce, "Iya, a wajen wa kuka fara saro mazarƙwaila?"

Ta ce, "Wajen Bazazzagin nan na birni mana, mai injin Taba. Kafin shi ai shan rake kawai muka sani."

Yaron doki kuwa ta ce ba ta tuna shi ba, ita ba doki take zuwa kallo ba. Amma ta san wani mai guntayen yatsu daga baya, can wajen Makarfi. Ta ce bayan attajirin ya bar harkar, a wurin wannan mutum kowa ya koyi aikin, kuma ba ya rowar injinsa, har a ɗauka a kai wani gari a dawo da shi. Da na tambaye ta lokacin da injin Taba ya zo, ta ce bayan fara ne. Tsohon Taba kuwa ya ce kafin fara. Na juya tambayar ta kowace fuska, ba ta sauya ba. Na bar Janfalan da shaida ta biyu a kan attajirin, da saɓani a kan lokaci, da wani rami a tsakiya: yaya aka yi injin ya zo hannun kakana?

Da aka koma makaranta na kai wa Malam duk abin da na samo. Ban taɓa ganin ya yi murmushi irin na ranar ba, ni kuwa kamar in yi kuka. Na ce, "Malam, ba zai yiwu in rubuta tarihin injin in bar kakana a waje ba?"

Ya ce, "Sunansa kana iya sakayawa, wannan hakkin iyalinsa ne. Amma ba ka da ikon rubuta abin da ka gano ba haka yake ba. Kuma kada ka zubar da maganar kawunka. Ka kawo ta yadda ya faɗa, ka kawo ta tsohon, ka kawo ta tsohuwar, ka nuna inda suka haɗu da inda suka rabu, sannan ka faɗi wadda ka fi rinjayarwa da dalilinka. Inda ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba."

Na rubuta, na yaga, na sake rubutawa. Kowace jimla in na karanta sai in ji ta da kunnen Kawu. A ƙarshe na ga ba zan iya miƙa kundin ba sai ya ji daga bakina.

Hutun tsakiyar shekara ya zo daidai da kakar rake. Na fara biyawa ta Taba, domin in tambayi tsohon yadda injin ya sauya hannu, saye ne, kyauta ce, ko wani injin ne dabam. Na tarar da zauren a share, babu igiya, babu tabarma. Ɗansa ya ce mini ya rasu tun ana yankan gero. Na yi ta'aziyya, na zauna ɗan lokaci, na tashi da tambayata.

Na sami Kawu a fadama, aiki ya kankama. Doki na zagaye, hayaƙi na tashi, ƙanshin ruwan rake mai tafasa ya cika wurin, ƙudan zuma na ta shawagi. Ya miƙo mini mazarƙwaila mai ɗumi. Na ce ina da magana, muka koma gindin wata ɗorawa. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba. Na fi jaddada abin da tsohuwar ta ce, cewa a wurin kakana kowa ya koya.

Ya mai da idonsa kan dokin. Sannan ya ce, "Wato ka bar 'ya'yan mutum, ka tafi wajen bare tambayar labarinsa."

"Haka ƙa'idar aikin take, Kawu."

"Ƙa'ida. Mun tura ka makaranta ka ɗaga gidan nan, ka dawo ka mai da kakanka bara. Ubana da bakinsa ya faɗa mini. Maƙaryaci ne shi?"

"Ban ce haka ba, Kawu. Na rubuta maganarka yadda ka faɗe ta. Kuma ban sa sunansa ba."

"Ba ka sa sunansa ba," ya maimaita a hankali. Sai a lokacin na gane wannan ya fi yi masa ciwo. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya daka wa mai tura rake tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Bai sake duban inda nake ba har na tafi.

A Kurmin Kogi na gaya wa mahaifiyata. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni dai na buɗe ido na ga ubana da injinsa. Abin da ya wuce kafin nan, Allah ne masani. Amma ko ya amsa ko bai amsa ba, kada ka daina zuwa gaishe da kawunka."

Na miƙa kundin da ramin nan a cikinsa. A shafin da ya kamata in bayyana yadda injin ya koma ƙasar Makarfi, na rubuta cewa shaidun da na samu ba su kai in yanke hukunci ba. Na yi makonni ina ganin wannan shafin shi zai kayar da ni. Ranar da aka kira ni gaban masu jarrabawa, na shiga na zauna. Akwai wani baƙon farfesa da aka gayyato daga wata jami'ar, kuma kai tsaye ya buɗe shafin. Ya ce me ya hana ni yin hasashe? Na ce ina da hasashe, amma ba ni da wanda ya gani. Ya gyaɗa kai. Sai ya tambaye ni ko na nemi zuriyar attajirin a cikin birni, ga shi kuwa birnin na nan kusa da makaranta. Na ce ban nema ba. Ya rubuta wani abu. Malam yana gefe, idonsa a kan tebur.

Na ci, ba da babban sakamako ba, amma na ci. Daga baya na shiga birni na nemi gidan attajirin. Na sami jikokinsa, 'yan kasuwar yadi, ba su ma san kakansu ya taɓa harkar rake ba.

Na ci gaba da zuwa gaishe da Kawu kamar yadda aka umarce ni. Yana amsawa a taƙaice, ya tambayi aiki, shi ke nan. Haka muka yi wajen damina biyu. Sai idonsa ya fara ciwo, aka rasa wanda ya san kan asibiti a Zariya in ba ni ba. Na je na ɗauko shi. Muka sami wuri a gaban wata babbar mota mai ɗauke da buhunan barkono, muna ta atishawa. Da muka yi nisa Kawu ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Tsohon nan na Taba. Me kuma ya ce game da shi?"

Na tuno sauran zancen tsohon, na auna abin da zan faɗa. Na ce, "Ya ce yaro ne mai waƙa. Wai yana kora doki yana rera waƙa tun safe har yamma, har 'yan mata masu talla suna tsayawa saurare."

Kawu ya sa gefen rawaninsa ya goge idon da ke masa ruwa. Ya ce, "Waƙa? Ban taɓa jin ubana ya yi waƙa ba."

Direba ya rage gudu saboda shanu na tsallaka hanya. Da muka wuce su Kawu ya tambaye ni ko likitan ido Bature ne, kuma ko zai ji Hausa.